Allon bayanan talla: abin da alƙaluman shafin intanet ke nuna wa ɗan kasuwar Sakkwato da abin da ba sa gani

A ranar 1 ga Yulin 2023 kamfanin Google ya dakatar da tsohuwar manhajarsa ta ƙirga maziyartan shafukan intanet, wadda ake kira Universal Analytics, ya tura kowa zuwa sabuwa mai suna Google Analytics 4. Bayan shekara guda, a Yulin 2024, aka rufe tsofaffin rahotannin baki ɗaya, wanda bai kwashe nasa ba ya rasa su. A watan Yunin 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin da a da ba kowa ya damu da shi ba.

Waɗannan sauye-sauye sun tarar da Sakkwato a lokacin da masu kayan fata, makarantun kuɗi, otal-otal, shagunan atamfa da leshi da wasu dillalan albasa ke ƙara biyan matasa su buɗe musu shafi, su riƙa sa musu talla a Facebook da Instagram. Ƙarshen wata sai a kawo wa mai dukiya allo mai launuka da zane-zane. Facebook na cewa tallar ta kawo mutum kaza, Google na cewa ba su kai haka ba, littafin shago kuma na faɗin wani abu dabam. Mai dukiya ya fara zargin yaron da ya ɗauka, yaron kuma ya rasa yadda zai yi bayani. Galibi babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowane ɗaya abu dabam yake ƙirgawa, kuma mafi yawan cinikin da ake ƙullawa a nan yana faruwa ne a wurin da manhajar ba ta iya leƙawa.

## Me ake ƙirgawa tun farko

Allon bayanai, ko dashbod kamar yadda masu sana'ar ke cewa, shafi ɗaya ne da ke tattaro alƙaluma daga wurare dabam-dabam ya jera su yadda za a karanta a kallo ɗaya. Shi kansa allon ba ya ƙirga komai. Abin da aka zuba masa shi yake nunawa, saboda haka tushen alƙaluman ne abin dubawa.

Yadda Google Analytics ke aiki shi ne, ana dasa ɗan gajeren rubutun kwamfuta a kowane shafi. Da zarar shafin ya buɗe a wayar mutum, rubutun ya aika wa Google saƙo cewa an zo, ya kuma ajiye wata 'yar alama mai suna kuki a cikin burauzar wayar, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, domin ya gane ta in ta dawo. Daga nan kalmomin da ke kan allo suka samo asali.

Abin da allo ke kira mai ziyara burauza ce, ba mutum ba. Wanda ya leƙa shafi da wayarsa da safe, ya sake leƙawa da kwamfutar ofis da rana, mutum biyu ne a wurin manhajar. Gidan da miji da mata da ƙanin miji ke amfani da waya ɗaya kuwa, mutum ɗaya ne. Ziyara kuma zama ɗaya ce a kan shafin, tana ƙarewa in an yi minti 30 ba a taɓa komai ba. A sabon tsarin duk abin da mai ziyara ya yi, ko buɗe shafi, ko gangarawa ƙasa, ko danna maɓalli, ko kunna bidiyo, motsi ne da ake rubutawa. Mai shafi shi zai zaɓi motsin da ya fi masa muhimmanci, misali cika fom ko biyan kuɗi, ya yi masa alama. A watan Maris na 2024 Google ya sake wa wannan rukuni suna a cikin manhajar, abin da ya ƙara rikita waɗanda suka koyi aikin daga tsofaffin bidiyoyi.

Akwai ma'auni ɗaya da ya fi kowanne jawo gardama tsakanin mai dukiya da ma'aikacinsa, wato adadin waɗanda suka shigo suka fice. A tsohon tsari duk wanda ya buɗe shafi ɗaya tak ya tafi ba tare da ya taɓa komai ba, an lissafa shi cikin masu ficewa, ko da ya yi minti biyar yana karatu. A sabon tsari ziyara tana zama mai amfani in ta wuce daƙiƙa 10, ko an buɗe shafi biyu, ko an yi wani muhimmin motsi, kuma ziyarar da ba ta cika ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ce kaɗai ake lissafawa cikin masu ficewa. Saboda haka shafuka da yawa sun wayi gari adadin masu ficewarsu ya sauka, alhali babu abin da aka gyara. Ma'aunin ne aka canza. Duk allon da ya jera alƙaluman 2022 kusa da na 2024 a layi ɗaya, ba tare da ya faɗi haka ba, yana ɓatar da mai karatu.

## Inda cinikin ke ɓacewa

A nan gizo ke saƙar. An gina waɗannan manhajoji ne bisa tsammanin cewa mai saye zai ga kaya a shafi, ya zuba a kwando, ya biya da kati a nan take. A wannan yanayi kowane mataki a rubuce yake, daga talla har zuwa biyan kuɗi.

Yanzu a dubi yadda ake sayen jakar fata daga baduku a tsohon garin Sakkwato. Wata mata a Kaduna ta ga hoton jakar a Instagram, ta danna, shafi ya buɗe, ta duba kala uku. Ba za ta biya a nan ba. Za ta danna koren maɓallin WhatsApp, ta yi sallama, ta nemi a ɗauko mata bidiyon cikin jakar da zif ɗinta, ta tambaya ko fatar akuya ce ko ta tunkiya, ta nemi ragi. Ta ce sai ta yi shawara da maigida. Bayan kwana huɗu ta dawo, aka daidaita, ta yi taransfa ta OPay ko Moniepoint, alat ya shigo, yaron shago ya kai kaya tasha, ya turo mata lambar direba. A duk wannan tafiya abu na ƙarshe da Google Analytics ya gani shi ne danna koren maɓallin nan. Manhajar kamar mai gadi ce a bakin ƙofar kasuwa, yana ƙirga masu shiga amma bai san wanda ya fito da kaya ba.

Abin da ya biyo baya shi ne, allon da aka gina da bayanan shafi kawai zai nuna ziyara dubu, ciniki sifiri. Ko kuma mai gina shi ya ɗauki danna maɓallin WhatsApp a matsayin ciniki, allon ya cika da nasarar da ba ta kai asusun banki ba, tunda ba duk mai sallama ke saye ba.

WhatsApp na ɓata lissafin ta ɗaya gefen ma. In mutum ya tura adireshin shafi a zauren dangi ko ya ɗora a sitatus, waɗanda suka danna sukan iso ba tare da wata shaidar inda suka fito ba. Manhajar sai ta zuba su a layin da ta rubuta wa "Direct", wato waɗanda take ɗauka da hannunsu suka rubuta adireshin. Haka wanda ya ji talla a gidan rediyon Rima ya nemi sunan shagon a Google, za a rubuta shi a matsayin wanda bincike ya kawo, rediyon da ya yi aikin ba zai samu ko ambato ba. A garin da magana baki da baki da rediyo ke da ƙarfi irin na Sakkwato, wannan layin na iya zama mafi girma a allo, kuma shi ne wanda ba ya gaya wa mai dukiya komai.

## Me ya sa Facebook da Google ba sa jituwa

Dalilai uku ne manya. Na farko, ƙa'idar kowa dabam ce wajen cewa wa ya kawo mai saye. Tsarin da Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ya saba amfani da shi yana ba tallarsa ladan ciniki in an yi shi cikin kwana 7 bayan dannawa, ko cikin kwana 1 bayan ganin tallar ko da ba a danna ba. Google Analytics bai san wanda ya ga talla a Facebook ya wuce ba, sai wanda ya iso shafi. Shi kuma yana da nasa lissafin na raba lada tsakanin hanyoyin da mutum ya biyo. Kowane kamfani na auna kansa da mudunsa, kuma in aka haɗa abin da kowa ya ce ya kawo, jimillar kan zarce cinikin da aka yi.

Na biyu ya fi shafar mu kai tsaye. Facebook na ƙirga dannawa, Google na ƙirga buɗewar shafi, kuma tsakaninsu akwai sabis. Mutum a Gwadabawa ko Tangaza ya danna talla, shafin ya tsaya yana juyawa saboda an loda masa manyan hotuna, ya gaji ya koma. An caji mai talla, amma rubutun Google bai samu damar tashi ba. In aka ga tazara mai faɗi tsakanin adadin dannawa da adadin ziyara, wuri na farko da za a duba shi ne nauyin shafin. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mai waya ya ƙara samun dalilin guje wa shafin da ke cin data.

Na uku shi ne matakan sirri. Daga Afrilun 2021 wayoyin iPhone suka fara tambayar mai waya ko ya yarda manhaja ta bi sawunsa, burauzarsu mai suna Safari kuma tana taƙaita kwanakin da wasu kuki ke yi zuwa mako guda. Wannan bai kai sauran tasiri a nan ba tunda yawancin mutane Android suke riƙewa, sai dai mai sayar da kaya masu tsada ya lura cewa masu sayensa na iya zama cikin waɗanda ba a gani sosai.

## Taswirar da ke cewa kowa ɗan Legas ne

Kusan kowane allo na ɗauke da taswira ko jerin garuruwa, kuma shi ne ɓangaren da mai dukiya ya fi saurin gaskatawa. Manhajar tana ƙiyasta garin mutum ne daga lambar da kamfanin sadarwa ya ba wayarsa a intanet. Kamfanonin waya kuwa suna bi da zirga-zirgar masu amfani da su ta wasu manyan cibiyoyi, don haka wanda ke zaune a Mabera ko Arkilla na iya bayyana a matsayin mutumin Legas ko Abuja. A matakin ƙasa ƙiyasin na da dama-dama. A matakin gari, ga masu shiga da waya, ba abin dogaro ba ne.

Ga mu da ke bakin iyaka akwai ƙari. Mai saye daga Birnin Ƙonni na iya shiga da layin Najeriya, ɗan Illela kuma na iya kama sabis na ƙetare. Wasu burauzoji masu tsimin data, irin Opera Mini a yanayinta na matsanancin tsimi, suna sarrafa shafin ne a na'urorin kamfaninsu kafin su miƙo wa waya, abin da ke iya hana a ƙirga wasu motsin daidai. Akwai kuma lokacin da alƙaluma ke faɗuwa saboda dalilin da bai shafi talla ba ko kaɗan. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro. Duk wanda ya dubi zanen wancan lokaci ba tare da sanin haka ba zai ɗauka kasuwa ce ta mutu. Shi ya sa allo mai kyau ke da wurin rubuta abin da ya faru a rana kaza.

Kalanda ma tana da nata tarkon. Manhajojin nan suna kwatanta wata da takwaransa na bara bisa lissafin Miladiyya, alhali kasuwar ɗinki, takalma, turare da kayan masarufi tana bin azumi da Sallah, waɗanda ke matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuma ranar 30 ga Maris. Mai shagon da ya kwatanta Afrilun 2025 da Afrilun 2024 zai ga jan kibiya tana kallon ƙasa, domin cinikin jajibirin Sallah ya koma cikin Maris. Kwatancin da ke da ma'ana shi ne goman ƙarshe na azumin bana da goman ƙarshe na azumin bara, kuma wannan sai an saita ranakun da hannu.

## Yadda ake haɗa allon da zai yi amfani

Kayan aikin ba su ne matsala ba. Looker Studio na Google, wanda aka fara sani da Data Studio kafin a canza masa suna a 2022, kyauta ne, kuma yana jawo bayanai kai tsaye daga Google Analytics, Google Ads (wurin sa talla a Google), Search Console (mai nuna yadda ake samun shafi a binciken Google) da Google Sheets (jadawalin rubuta lissafi a intanet). Alƙaluman tallar Facebook ne ba ya jawowa da kansa, sai ta hannun wasu kamfanoni da galibi ke karɓar kuɗin wata-wata da dala. Ƙaramin ɗan kasuwa na iya kauce wa wannan ta hanyar sauke rahoton Facebook duk mako ya zuba a Sheets. Power BI na Microsoft ya fi ƙarfi wajen manyan bayanai, amma raba rahoto ga abokan aiki na buƙatar lasisin kuɗi.

Aikin gaske yana farawa ne da tambayar da mai dukiya ke son amsarta, kuma a mafi yawan lokuta tambayar ɗaya ce: a cikin wuraren da nake zuba kuɗin talla, wanne ke dawo da kuɗi? Amsa ta na buƙatar abubuwa biyu da manhaja ba za ta yi da kanta ba.

Abu na farko shi ne yi wa kowane adireshi alama kafin a raba shi. Ana ƙara wasu 'yan kalmomi a ƙarshen adireshin, waɗanda ake kira UTM, masu faɗin daga ina, ta wace hanya, kuma don wace talla. Sunan ya samo asali daga Urchin, kamfanin da Google ya saya a 2005 ya mayar da manhajarsa Google Analytics. Adireshin da aka ba mai tallata kaya a sitatus ya zama dabam da wanda aka sa a Instagram, dabam da wanda aka buga a jikin kwali. Ana buƙatar tsari ɗaya na rubutu, domin manhajar na ɗaukar "WhatsApp" da "whatsapp" a matsayin wurare biyu.

Abu na biyu shi ne littafin ciniki. Maɓallin WhatsApp na iya buɗewa da saƙon da aka riga aka rubuta, kamar "Salamu alaikum, na ga jaka mai lamba 14 a shafinku", kuma ana iya sa wa kowace talla nata saƙon. Mai amsa waya sai ya rubuta a Sheets: rana, inda mutum ya fito, abin da ya tambaya, ya saya ko bai saya ba, nawa ya biya, wane gari aka aika kaya. Inda babu alama, a tambaye shi a ina ya ji labarin shagon. Wannan jadawalin shi ne rabin allon da ya ɓata, kuma garin da aka aika kaya ya fi kowace taswirar manhaja gaskiya.

Mu ƙaddara, don misali kawai, badukun nan ya kashe naira 60,000 a tallar Facebook, ya kuma ba wata mai tallata kaya a sitatus naira 20,000. Allon shafi ya nuna Facebook ya kawo ziyara 900, sitatus ya kawo 120. In a nan aka tsaya, Facebook ya yi nasara nesa ba kusa ba. Littafin ciniki kuma ya nuna mutum 6 suka saya daga Facebook, 8 daga sitatus. Ke nan kowane ciniki ya ci naira 10,000 ta Facebook, naira 2,500 ta sitatus. In ribar jaka ɗaya naira 7,000 ce, tallar Facebook asara take jawowa a kowace jaka. Sai dai ko wannan ba a yanke hukunci da shi a wata ɗaya, domin mutum 6 da 8 ba su da yawa, biki ɗaya na iya juya lissafin, kuma in cikin shidan nan akwai ɗan sari da zai riƙa dawowa, maganar ta canza.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne amma suna da tasiri. A saita agogon manhajar a lokacin Najeriya, kuɗi kuma a naira. A cire ziyarar ma'aikatan shago, waɗanda ke buɗe shafin sau da yawa a rana don turo wa masu saye hoto. A kuma tsawaita wa'adin ajiyar cikakkun bayanai daga wata 2 da manhajar ke zuwa da shi zuwa wata 14, in ana son zurfafa bincike a kan azumin bara. Alƙaluman jiya da na yau kuma ba a gama tace su ba, Google kansa ya ce hakan na iya ɗaukar awa 24 zuwa 48.

## Ra'ayoyin da ake da su

Masu goyon bayan cikakken allo na cewa kuɗin talla ya yi tsadar da ba za a ci gaba da kashe shi da ka ba, musamman tun faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023. Hujjarsu tana da ƙarfi ga makaranta mai karɓar fom ta intanet, otal mai karɓar ajiyar ɗaki, ko shagon da ke karɓar kuɗi ta Paystack ko Flutterwave, domin a nan cinikin na ƙarewa a kan shafi kuma ana iya bin sa har ƙarshe.

Wasu kuma na ganin ga mai ciniki ashirin ko talatin a wata, allo ado ne kawai. Littafi mai tsafta da alamomin da WhatsApp Business ke bayarwa na rarrabe sabon mai saye da wanda ya biya sun ishe shi, kuɗin da zai biya mai gina allo gara ya ƙara a jari. Su ma suna da gaskiya a kan ƙaramin shago. Inda hujjarsu ke rauni shi ne littafi ba ya nuna waɗanda suka zo suka juya kafin su yi magana. In shafi na korar rabin maziyartansa saboda nauyi, ko kowa na tsayawa a wurin da aka rubuta kuɗin aike, littafi ba zai taɓa faɗa ba.

Ɓangare na uku damuwarsu ita ce ina bayanan ke tafiya. A 2022 hukumomin kare bayanai na Austriya, Faransa da Italiya sun yanke cewa yadda wasu shafuka ke amfani da Google Analytics ya saɓa wa dokar Turai, saboda ana kai bayanan Amurka, kafin sabuwar yarjejeniyar da Tarayyar Turai da Amurka suka cimma a Yulin 2023. Masu wannan ra'ayi sun fi son manhajoji irin Matomo, wadda mutum zai iya ɗorawa a na'urarsa bayanan su zauna a hannunsa. Kuɗin wannan zaɓi shi ne ƙwarewa da kulawa, abin da ƙaramin shago ba kasafai yake da shi ba.

Idan aka auna ukun, abin da ke raba gardama shi ne inda kuɗi ke shiga. Wanda ake biya a shafi, allon shafi zai yi masa aiki. Wanda ake biya bayan hira, allonsa ba shi da amfani sai an haɗa shi da littafi, kuma a Sakkwato waɗannan su ne mafi rinjaye.

## Abin da doka ta ce

Da zarar an fara rubuta sunaye da lambobin waya a jadawali, an shiga hurumin dokar 2023, wadda hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ke kula da ita. Dokar ta buƙaci a sami halastaccen dalili kafin a sarrafa bayanan mutum, a gaya masa abin da za a yi da su, kuma shirunsa ba yarda ba ce. Yana da damar janye yardarsa, yana da damar cewa a daina turo masa talla. Bayanan yaro na buƙatar yardar iyaye ko mai kula da shi, abin da ya shafi makarantu kai tsaye. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ta sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin.

A aikace, wannan na nufin allon da ake turawa a zauren ma'aikata kada ya ɗauki suna ko lambar kowa, jimilla kawai. Jadawalin da ke da lambobin ya zauna a hannun mutum ɗaya ko biyu. Shi ma Google ya haramta a zuba masa suna, imel ko lambar waya a cikin Analytics, kuma hakan na faruwa ba da gangan ba in fom ɗin shafi na liƙa abin da mutum ya cika a jikin adireshi.

## Wa abin zai shafa

Mai dukiya ne na farko, kuma haɗarinsa mafi kusa ba na tara ba ne. Sau da yawa yaron da aka ɗauka, ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ɗan bautar ƙasa, da imel ɗinsa yake buɗe komai. Ranar da ya gama ya tafi, ko aka ɓata, tarihin shekara biyu ya bi shi. Asusun ya kamata ya kasance da sunan kasuwancin, a ba ma'aikaci izinin shiga wanda za a iya janyewa. Tambayar da ta dace Alhaji ya yi kafin ya biya kuɗin aiki ita ce, "Malam, da imel ɗin wa aka buɗe?"

Ga matasan da ke koyon sana'ar, jera zane a Looker Studio abu ne da ake iya koya cikin 'yan kwanaki, don haka ba zai daɗe yana kawo kuɗi ba. Wanda za a ci gaba da nema shi ne mai iya zama da yaran shago ya sa su riƙa cika jadawali kullum, ya kuma iya gaya wa maigida cewa tallar da yake alfahari da ita ba ta mayar da kuɗinta. Masu tallata kaya a sitatus da shafukan Hausa su ma lissafin zai tace su. Mai mabiya kaɗan da ake jin maganarta za ta samu hujjar ƙara farashi, mai tarin mabiyan da ba sa saye zai sha tambaya.

Mai saye kuma zai ƙara ganin talla tana bin sa daga shafi zuwa shafi, da saƙonnin da bai nema ba in shagon bai kiyaye lambarsa ba. Doka ta ba shi damar cewa a daina, da damar kai ƙara ga hukumar in an ƙi.

Akwai kuma tasirin da ya wuce shago ɗaya. Manyan kamfanonin da ke Legas da Abuja suna duba irin waɗannan alluna kafin su yanke inda za su buɗe wurin karɓar kaya, da harshen da za su yi talla da shi, da jihohin da za su ware wa kuɗi. In wayoyin Sakkwato na bayyana a ƙarƙashin wasu garuruwa, cinikin da aka ƙulla ta hira kuma ba ya shiga lissafi, allon zai nuna musu yankin a matsayin wurin da ba a saye, su rage abin da suke kashewa a nan, alƙaluman shekara mai zuwa su ƙara yin ƙasa. Wakilan irin waɗannan kamfanoni da ke aiki a jihar za su fi samun abin kare kasafinsu in suka je taro da jerin garuruwan da aka sauke kaya da adadin kuɗin da ya shigo daga kowanne, maimakon taswirar da manhaja ta zana.